Yadda ake sauraron DJ mai kiɗan furogiresib har a gane gwaninsa

Ranar nan muna cikin danfo ni da ƙanina daga Obalende za mu Oshodi, gosulo ya riƙe mu a kan gadar Third Mainland, ba gaba ba baya, kwandasta ma ya gaji da ihu ya samu guri ya rakuɓe. Sai na zare iyafis ɗaya na miƙa masa na ce ungo ji wannan. Yaro ya saka a kunne ya yi shiru wajen minti biyar, can ya juyo ya ce "Yaya, wai sai yaushe za a fara waƙar ne?" Wallahi dariya ta kusa kada ni daga kan benci, don lokacin mai kiɗan har ya fita daga kiɗa na farko ya shiga na biyu, shi bai ma sani ba.

To ban ga laifinsa ba, ni ma haka na fara. Kunnenmu ya saba da DJ ɗin biki, wanda zai sako waƙa a daidai amshinta, a yi shewa, a yi liƙi, kafin minti ɗaya da rabi ya yanke ya jefo wata, in ya daɗe a kan guda ɗaya sai ka ji an ce DJ canza mana. Shi ma gwaninta ce, ba na raina shi. Amma wanda nake magana a kai, wato DJ mai kiɗan furogiresib, sana'arsa daban ce. Shi ba ya sayar maka da waƙa ɗaiɗai, tafiya yake ɗaukarka, irin ta wanda ya hau motar dare daga Legas zuwa Kano, ba za ka iya nuna inda kurmi ya ƙare daji ya buɗe ba, kawai gari zai waye ka leƙa taga ka ga ƙasa ta canza kala. In ka auna shi da minti biyu ka zalunce shi.

Bari in ɗan faɗi asalin abin a gurguje don ka san me kake nema. Kiɗan haus, wato wani kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, a Shikago ta Amurka ya taso a farkon shekarun 1980, a hannun baƙaƙen fata irin su Frankie Knuckles da yake kiɗa a wani kulob mai suna Warehouse. Da ya tsallaka Ingila sai a farkon shekarun 1990 wasu suka ja shi ya yi tsawo, suka rage waƙar baki, suka mayar da hankali kan yadda kiɗa zai riƙa hawa sannu sannu, shi ne aka raɗa wa furogiresib, wato mai ci gaba a hankali. Sunaye biyu da ba a tsallakewa su ne Sasha da John Digweed, waɗanda suka yi suna a kulob ɗin Renaissance da aka buɗe a garin Mansfield a 1992, a 1994 suka fitar da haɗin kiɗa na faifan CD uku da har yau ake misali da shi. Bayansu akwai Nick Warren na Bristol, da Hernán Cattáneo ɗan Ajantina, da Guy J ɗan Isra'ila. In za ka nema a YouTube ko SoundCloud ko Mixcloud ka rubuta progressive house tare da sunan ɗaya daga cikinsu. Ka haɗa da sunan mutum fa, don in ka rubuta sunan kiɗan shi kaɗai za su cika ka da irin na manyan filayen biki na wajajen 2012, mai tashi fuu ya faɗo dim, shi ma da wannan sunan ake kiransa amma ba shi nake nufi ba.

Abu na farko, ka nemi cikakken zama na mai kiɗan, abin da suke ce wa set, na awa biyu ko fiye. Kar ka fara da guntun bidiyon sakan talatin na TikTok, wannan kamar ka lashi gishirin miya ne ka ce ka san girkin matar gida. Digweed yana da shirin rediyo na mako mako mai suna Transitions, Cattáneo yana da nasa Resident, sannan BBC Radio 1 suna da Essential Mix na awa biyu tun 1993, duk ana samunsu. Ka sauke da daddare lokacin garaɓasar data, sauti kaɗai ba bidiyo ba, bai da nauyi sosai. Kuma don Allah kar ka saurara da sifikar waya. Rabin abin da mutumin yake yi a can ƙasa yake, a wajen bes, wato sautin nan mai kauri, ita kuwa sifikar waya ba ta iya fitar da wannan kaurin, sai ka ji tas tas tas kawai kamar ana soya gyaɗa. Ko iyafis mai waya na Computer Village ya wadatar in dai yana toshe kunne da kyau. In kana kusa da janaretan maƙwabci kuwa ka haƙura sai an kashe, gurnaninsa daidai gurin bes yake zama ya cinye shi, na gwada na sha haushi.

Sai ƙirga. Nan ne sirrin yake, in ka iya wannan ka gama rabin aiki. Akwai babbar ganga da take bugawa dum dum dum dum ba fashi, yawanci sau 120 zuwa 126 a minti ɗaya, ta ɗan fi amapiano sauri, wanda shi yake yawo wajajen 110 zuwa 115. Ka riƙa ƙirgawa da yatsa a cinya, ɗaya biyu uku huɗu, wannan gaɓa ɗaya ke nan. Gaɓa takwas bugu 32 ne, kusan sakan 15 ko 16. To ka lura, duk sanda ka cika gaɓa takwas ko sha shida ko talatin da biyu sai wani abu ya canza, ko a ƙara wata 'yar kacau-kacau a sama, ko a cire tafi, ko wani zaren sauti ya leƙo daga nesa. Ba a cika jefa abu a tsakiyar gaɓa haka kawai ba. Ran da na fara gane haka ina zaune a shago ba kasuwa, na ƙirga har 32 sai na ce a raina yanzu wani abu zai shigo, ai kuwa sai ga shi, na buga tebur har maigidana ya ɗago ya ce lafiya dai ko? Na ce lafiya lau Alhaji. Daga ranar na daina cewa kiɗa ɗaya ake maimaitawa.

Kuma in ka duba ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko wajen masu kalangu ya san makaɗi zai iya riƙe zuba ɗaya na tsawon lokaci, 'yan amshi na ta maimaita baiti guda, amma hannunsa na matse tsarkiya yana saki, muryar kalangun na hawa tana sauka, jikin mutane na ƙara ɗaukar zafi ba tare da an canza kiɗa ba. Nan Legas ma Fela ya yi ta yin kiɗan da guda ɗaya zai cinye fuskar faifai sukutum, a daɗe ana kiɗa zalla Tony Allen na kan ganguna kafin a ji muryar mutum. Kunnen da ya iya haƙuri da waɗannan zai iya da wannan.

Bayan ka iya ƙirga, sai ka koyi bin abu ɗaya. Kiɗan hawa hawa ne kamar bene. A ƙasa akwai babbar ganga da bes, a tsakiya akwai tafi da ƙananan ganguna da wani ɗan zaren sauti mai zagayawa kamar ana kaɗa gurmi da sauri, a sama kuma akwai kacau-kacau da wani dogon sauti mai shimfiɗuwa kamar hazo, shi ba ya bugawa, lulluɓe komai yake yi. Ka zaɓi guda, misali bes, ka ce yau shi kaɗai zan bi na minti goma. Za ka ji yana nan, can a rufe masa baki ya koma kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa, sannan a riƙa buɗe shi kaɗan kaɗan. Wannan rufewa da buɗewa da wani maɓalli ake yi da suke kira filta, shi yake tace kauri ko kaifin sauti. Gobe ka bi hazon. Jibi ka bi kacau-kacau. Set ɗaya sai ya yi maka sati kana jin sabon abu.

Yanzu ga inda ake gane gwani, wato ɗinki, gurin da yake haɗa kiɗa da kiɗa. Kowane kiɗa a wannan fanni yakan kai minti bakwai zuwa tara, kuma da gangan ake barin farkonsa da ƙarshensa kusan ganga zalla don DJ ya samu inda zai kama. Shi ya sa a awa ɗaya ba zai wuce guda goma ko sha biyu ba. Mai kiɗan yana jin na gaba a hedifon ɗinsa kai ba ka ji, ya daidaita saurinsu ya zama ɗaya, ya jira farkon gaɓa, sannan ya fara zuro sabon ta ƙarƙashin tsohon. Na'urar haɗin tana da maɓallai uku ga kowane layi, na kaifi da na tsakiya da na kauri. To bes biyu ba sa zama guri ɗaya, in aka bar su tare sai sauti ya dagule ya zama kunu, don haka sai ya shigo da sabon kiɗa an rage masa kauri, su yi ta tafiya tare minti ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, sannan a daidai kan gaɓa ya murɗe kaurin tsohon ya buɗe na sabon. Wannan musayar in ka kama ta da kunnenka akwai daɗi, kamar ka kama hannun mai dabo.

Ga wasan da nake yi, kai ma ka gwada. Ka kifa wayar kar ka kalli lokaci, duk sanda ka ji kamar an shiga sabon kiɗa sai ka ɗaga ka rubuta mintin. In ka gama ka je ka nemi jerin kiɗan, sau da yawa ana sakawa a ƙarƙashin bidiyon ko a shafin intanet na 1001Tracklists, ka gwada da naka. Karon farko a set na awa biyu guda biyar kacal na kama, sauran duk sun wuce ni ina zaune. Kuma ka lura da abin da ya tona asirin waɗanda ka kama ɗin. In ganguna ne suka yi karo, ka ji kamar doki na sukuwa, burum burum, to kuskure ne, saurin bai daidaita ba. In kuma ka ji kamar mutum biyu na rera waƙa kowa da muryarsa ba su jitu ba, to muryoyin kiɗan biyu ne ba su dace ba, don kowane kiɗa yana da muryar da aka gina shi a kai, su kuma masu wannan salo sun fi kowa damuwa da haɗa waɗanda muryarsu ta jitu da juna, ɗinkinsu doguwa ce, ɓaraka ba ta ɓoyuwa. Tela ne mai ɗinkin hannu, ana juya rigar a duba ciki.

Wasu za su ce ai yanzu na'ura ce take daidaita sauri, akwai maɓalli a jikin CDJ, wato na'urar da DJ ke sako kiɗa da ita, da in ka danna shi ke nan. Gaskiya ne akwai. Amma na'ura ba ta san wane kiɗa ya kamata ya biyo wane ba, ba ta san mutanen nan sun gaji a sassauta musu ba. Ni a wajena zaɓi ya fi saurin hannu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma gurin da ake ɗauke ganga gaba ɗaya, a bar ka da hazo da ɗan zaren waƙa kana lilo a sama. Sabon shiga yakan ɗauka kiɗa ya ƙare ne ko waya ta maƙale. A'a, jan rai ne. Abin dubawa shi ne yadda ake dawo da gangar. Mai gaggawa zai tara ƙara ya tara ƙara sannan ya sako ta da ƙarfi a yi ihu. Gwanin furogiresib sau da yawa sai ya dawo da ita a hankali ba sanarwa, ka tsinci kanka kana gyaɗa kai ba ka san yaushe ka fara ba. Kuma ka ƙirga sau nawa yake yin haka. Wanda kowane minti biyar sai ya ɗauke ganga ya dawo da ita, ya mayar da kai kamar mai hawa okada a hanya mai ramuka, ni dai ba na daɗewa da irinsu. Wanda ya iya sai ya hana ka na rabin awa, kana so kana jira, ran da ya ba ka kuwa sai tsikar jiki ta tashi.

In ka saurari set ɗin ya kai ƙarshe, ka ɗauki biro ka zana shi a bayan takarda kamar tudu da kwari. Ina aka fara, ina aka hau, ina aka yi duhu, ina haske ya dawo. Ba wasa nake ba, zanen nan shi ne sa hannun mai kiɗan. Wani a hankali yake hawa tudu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wani kuma igiyar ruwa yake yi irin ta bakin teku, ta zo ta koma, kowace ta fi ta baya girma. A kunnena Digweed ya fi son duhu da nauyi, ganga mai tafiya kamar jirgin ƙasa, yana jingina da tekno, wani kiɗan na'ura mai tsauri, shi kuwa Cattáneo ya fi taushi da zaƙin waƙa, ɗinkinsa kamar an shafa mai. Wannan ji na ne, kai ma ka saurara ka yanke naka.

To salo ke nan, saura faɗin hannu, wato iya nisan da mutum zai iya zuwa bai ɓata ba. Wannan ba a gane shi da set ɗaya ko da ya kai awa shida. Ka nemi guda uku na mutum ɗaya da aka yi a yanayi daban daban. Ɗaya na buɗe fili, lokacin da mutane ke shigowa ba a cika ba, nan za ka ga ko yana da haƙuri, don aikin mai buɗewa shi ne ya ɗumama guri ya bar wa na bayansa sarari, wanda ya zo ƙarfe goma yana zuba manyan kiɗa kamar ƙarfe uku na dare bai san aikinsa ba ko da hannunsa ya kai na kowa. Na biyu na tsakiyar dare da fili ya cika. Na uku na yamma a waje ko na fitowar rana, wanda ake sassautawa. In ka samu ka ƙara da na rediyo, don a can ba masu rawa a gabansa, abin da ransa ke so yake sakawa. Sannan ka haɗa tsoho da sabo, na shekarun 1990 da na bana, za ka ji na da ya fi sauri, yana kusa da wani kiɗan na'ura mai sauri da ake ce wa tarans, na yanzu ya lafa.

Abin da kake nema guda biyu ne a lokaci ɗaya. Me ya canza, me kuma ya ƙi canzawa. Mai faɗin hannu zai leƙa maƙwabta, ya ɗan shiga haus mai zurfi da sanyi, ya taɓa tekno, ya sako kiɗan da gangarsa ke karyewa ba dum dum ɗin nan a miƙe ba, wani ma ya ɗebo gangunan Afirka irin na haus ɗin Afirka ta Kudu, wanda DJ Black Coffee ya kai duniya har ya ci kyautar Grammy a 2022, amma duk inda ya shiga kana jin shi ne dai. Irin bes ɗin da yake so, tsawon ɗinkinsa, yadda yake jan rai, ba sa ɓata. Kamar mai shayin da ka saba da shi ne, ko Lipton ya haɗa maka ko kakkaura ka san hannunsa. Wanda set ukun suka zama kamar an kwafe, hannunsa gajere ne. Wanda kuma suka zama kamar mutum uku ne daban, to bai da nasa, abin da ake yayi yake bi.

Wata dabara ƙarama, in wani kiɗa ya kama ka a cikin set, ka saka Shazam, manhajar nan mai gano sunan kiɗa, ya gano maka shi, ka je ka saurare shi shi kaɗai. Sau da yawa za ka ji lami, ka ce wai wannan ne ya sa ni tsuma jiya? To ba kiɗan ba ne, gurin da aka ajiye shi ne da abin da aka gabatar kafinsa. Wani lokaci kuma Shazam zai ce bai sani ba, kar ka zargi wayarka, manyan nan suna samun kiɗa tun kafin a fitar da shi kasuwa, da yawansu ma suna da kamfanin fitar da kiɗa nasu, Digweed na da Bedrock, Cattáneo na da Sudbeat, Guy J ya kafa Lost & Found. Bin abin da kamfanin mutum ke fitarwa ma hanya ce ta sanin ɗanɗanonsa.

Maganar zuwa gani da ido kuwa, yanzu a Legas ana yin taron kiɗan haus a ɓangaren Lekki da Victoria Island, duk da dai abin da aka fi sakawa haus ɗin Afirka ne ba furogiresib zalla ba. Na san da yawanmu ba ma'abota irin wuraren nan ba ne, ni ma iyafis ɗina ya ishe ni, ba dole sai ka je ba. In dai ka samu kanka a can, kar ka tsaya kallon hannun DJ, ka kalli idonsa da ƙafafun mutane, ka ga me yake yi in fili ya fara sanyi. Kuma kar ka manne wa sifika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, awa 40 a mako ce iyakar babba, abin da ya haura haka lokacin raguwa yake yi sosai, kunne kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Ko a iyafis ɗin ma, in ka ga sai ka ƙure ƙara don ka danne hon ɗin danfo to ka bari sai ka isa gida.

Shi ƙanin nawa dai na tura masa set ɗin ta Xender a daren, na ce ya ƙirga talatin da biyu kawai kar ya yi komai. Bayan kwana uku ina shago sai ga saƙonsa, wai "Yaya na kama shi, a minti 41 ya canza bes." Na duba jerin, a minti 38 sabon kiɗan ya fara shigowa. Na ce masa ya koma ya nemo minti ukun nan.